Wata Takwas Kafin a Haife Ta

Ranar Juma'a ce Sarmila Dangol ta sabunta manhajar, kuma duk wanda ya san aiki zai gaya mata ba a taɓa irin wannan abu ranar Juma'a. Ita ma ta sani sarai. Amma wata shida ke nan ɗan akwatin nan yana mata naci a kan allo wai akwai sabon zubi, ga ruwan sama tun asuba ya hana marasa lafiya fitowa, sai ta ce bari dai ta rabu da shi.

Ofishin nata wani ɗan ɗaki ne a ƙasan asibitin, nan Patan, bango ɗaya ya raba shi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Masu farfaɗiyar da idon likita ya kasa gano inda ciwonsu yake, hotunansu wurinta suke zuwa. Ta zuba su a kwamfuta, kwamfuta ta auna hagu ta auna dama, ta fitar da taswira mai launi da jerin lambobi, ta ce ga ɓangaren da ya saɓa. Sarmila ta sa hannu a takarda, takarda ta hau bene wurin masu tiyata. Shekara huɗu tana wannan ba a taɓa dawo mata da takarda ba, kuma tana ji da hakan ba kaɗan ba.

Da sabuwar manhajar ta zauna, sai ta sakar mata duk fayilolin da take da su, ɗari biyu da goma sha biyu, don ta ga kamun ludayinta. Ta ɗauki shayinta. Kafin ta kai kofin baki, layi tara masu ruwan ɗorawa sun jeru a allo, duk magana ɗaya:

"Gargaɗi: an ɗauki wannan hoto kafin a haifi mai shi."

Ta buɗe na farko. Wani direba ne daga Hetauda, an ɗauke shi shekara biyu da suka wuce, ranar haihuwarsa kuwa 2045. A lissafin kwamfuta saura shekara ashirin da biyu a haifi bawan Allah, ga shi da mata da 'ya'ya uku. Sarmila ta tuntsure da dariya, ta bubbuga bango da bayan biro.

"Dai! Ratna Kaji dai! Zo ka ga aikin hannunka."

Ratna Kaji shi ne mai kula da na'urar tun ranar da aka sauke ta daga mota, shi ya sa kowa yake ce masa dai, wato yaya, har likitocin da suka girme shi. Ya shigo yana goge tabarau da bakin riga.

"Me kuma na yi, bahini, ƙanwata? Kullum ni ne."

"Mutum tara ka ɗauki hotonsu ba a haife su ba. Kai wane irin gwani ne?"

Ya sunkuya ya duba, ya yi tsaki. "Ke, rabu da ni. Mutum ya miƙo min katinsa an rubuta 2045, in ce masa ƙarya yake? Shekarar da uwarsa ta haife shi ke nan. In akwatin naki bai san kalandarmu ba, shi ya sani."

"Na'urar da kalandar Turawa take aiki, dai. Sau nawa zan faɗa?"

"Tsohuwar ai ba ta taɓa ƙorafi ba."

"Tsohuwar ba ta da baki."

"Shi ya sa muka zauna lafiya," ya ce, ya sace mata biskit ɗaya ya fita.

Abin ba sabo ba ne. Kalandarmu ta gida ta riga ta Turawa da shekara hamsin da shida da 'yan watanni, kuma babu ofishin da ba a taɓa cuɗa su ba. Sarmila ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana mayar da shekarun, layin gargaɗi yana ɓacewa. Kafin sha biyun rana ta gama da takwas, har tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Na tara ne ya tsayar da waƙar. Phul Maya Tamang, an haife ta ɗaya ga watan ɗaya, 2016.

Ta san sunan nan. Mako biyu da suka wuce ta sa hannu a takardarta: yarinya 'yar shekara tara, farfaɗiya tana kayar da ita sau biyar a rana, magani ya gaza. Takardar ta ce ciwon yana hagu. Jibi Lahadi da safe Dakta Uprety zai buɗe kan yarinyar ta hagu. Kuma 2016 ɗin nan ba kuskure ba ne, da kalandar Turawa aka rubuta shi, shekara tara cif. To me manhajar take gani? Ta duba ranar ɗaukar hoto. Ashirin da huɗu ga Afrilu, 2015. Wata takwas kafin a haife ta.

Ta ce agogon na'urar ne ya rikice. Agogo yakan rikice in wuta ta ɗauke. Ta goge fayil ɗin ta kwaso wani daga faifan ajiya, gargaɗin ya dawo. Ta kashe kwamfutar ta kunna, ya dawo. Ta cire sabuwar manhajar ta mayar da tsohuwa, tsohuwa ta haɗiye fayil ɗin ba ko tari, ta fitar da taswirarta mai jan tabo a hagu kamar yadda ta yi wancan karo. Ta sake ɗora sabuwa, layin nan mai ruwan ɗorawa ya dawo ya zauna inda yake.

Ta kira Dakta Uprety a waya. Yana cin abinci, tana jin ƙarar cokali.

"Dakta sab, yallaɓai, akwai wani gargaɗi a kan fayil ɗin yarinyar jibi."

"Gargaɗi ko kuskure?"

"Gargaɗi ne, amma..."

"Sakamakon ya canza?"

"Bai canza ba."

"To Sarmila, babu wurin da ake dannawa ya yi shiru? Danna mana. Yau Juma'a, ki tafi gida ki huta."

Akwai wurin. Ɗan murabba'i ne a kusurwar allo, an rubuta a gefensa kada a sake nuna wannan. Ni dai ban ga laifin wanda ya ƙirƙiro shi ba, laifin namu ne da muke son shiru fiye da gaskiya. Sarmila ta kai kibiyar kansa ta tsaya. Ruwa yana zuba ta indararo a bayan taga, a ɗakin gefe famfon sanyaya na'urar yana bugawa cik, cik, cik, kamar yadda yake yi dare da rana. Ba ta taɓa sauraronsa ba sai yau. Ta janye hannunta, ta yi abin da ta daina yi tun shekararta ta farko: ta buɗe jakar fayil ɗin don ta ga hoton da idonta, ba taswirar da kwamfuta ta gyara ba.

Fayil biyu ne a jakar.

Jaka a wurinsu da suna da ranar haihuwa ake yi mata lamba. In suna ya zo ɗaya, rana ta zo ɗaya, to mutum ɗaya ne, hotunansa su taru wuri guda. Tsohuwar manhajar kuwa na sama take ɗauka, wanda ya fi daɗewa, ba ta tambayar kowa. Sarmila ta buɗe na saman.

Kan ya cika allo, fari da baƙi, an yanka shi ta gefe. Ba kan yarinya ba ne. Ƙashin ya yi kauri, ƙwaƙwalwar ta ɗan janye daga bangonta yadda ta manya take yi, a muƙamuƙi babu turame uku. A gefen dama, wajen fata, wani ɗan ƙwallo fari tas yana haske. Tsoro Sarmila ta ji, tsoro sosai, kuma ba na aljanu ba: sa hannunta ne a ƙasan takardar.

Wannan karon ba ta bubbuga bango ba, da ƙafa ta je ta kira shi.

Ratna Kaji ya daɗe yana kallon allon. Ya sa yatsa a kan farin ƙwallon.

"Wannan nawa ne," ya ce. "Ƙwayar man kifi. Da can ita nake liƙa wa mutum a dama da filasta, don kada a juya hoto a ɗauki hagu a dama. Na bar yi tun da suka kawo takardar liƙi." Ya duba ranar, bakinsa yana motsi yana mayar da ita kalandar gida. Sai ya cire tabarau. "Sha ɗaya ga watan Baisakh. Bahini, Juma'a ce. Jajiberin girgizar ƙasa."

Ya fita ya dawo da wani tsohon littafin rajista mai jan bango, gefensa duk ya kumbura da laima. Suna na ƙarshe a shafin ranar, da rubutunsa: Phul Maya Tamang, 2016, ɗaya ga ɗaya. Duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga ɗaya ake rubuta masa, kowa ya sani. Shekarar kuwa ta gida ce, matar tana da hamsin da shida lokacin. Daga shafin nan sai fararen shafuka bakwai, sannan rubutun wasu mutane daban, sunaye a cakuɗe, duk karaya da fashewar kai.

"Na tuna ta," ya ce a hankali. "Gajeriya, da zobe a hanci, da ƙyar ta yarda na cire. Ga furfura a kaina amma 'babu' take ce min, wato ɗana, kamar wani ɗan cikinta. Ta riƙe nan," ya dafa gefen kansa na hagu, "ta ce, babu, ka duba min da kyau, akwai abu a ciki. Na ce mata, Ama, uwata, ki dawo Lahadi za a gaya miki."

"Ta dawo?"

"Wa ya dawo Lahadin nan? A tsakar gida muke ɗinke mutane."

Sarmila ta zaɓi fayil na biyu, na yarinyar, ta tura shi shi kaɗai. Minti arba'in aikin yake ɗauka. Ba wanda ya zauna. Ratna Kaji ya tsaya a bakin ƙofa da littafin a ƙirji, ita tana kallon layin yana cika a hankali. Da taswirar ta fito, jan tabon ƙarami ne, bai kai ƙwayar masara ba, kuma a dama yake.

Hawa bene uku ne zuwa ofishin Dakta Uprety, kuma a kowane hawa sai da zuciyarta ta kawo mata wata dabara. Ta ce sabuwar manhaja ce ta fi tsohuwa ido. Ta ce laifin masu rajista ne. Duk da gaskiya a ciki, kuma duk ba su ne maganar ba. Ta same shi yana saka rigar ruwa zai fita.

"Dakta sab, takardar da na ba ka ba ta yarinyar ba ce. Ta wata mata ce. Ban buɗe hoton na gani ba kafin in sa hannu. Na yarinyar dama ya nuna."

Ya tsaya da hannu ɗaya a cikin riga. "Kin san me kike faɗa?"

"Na sani."

"Mako biyu da suka wuce kin sani hagu ne. Yau kin sani dama ne. Jibi kuma me za ki sani?" Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. "Gwajin wayoyin kai bai nuna min ɓangare ba, shi ya sa na dogara da ke. Kuma yarinyar da kanta, duk wanda ya tambaye ta ina yake ciwo, hagu take dafawa. Kullum hannunta yana wurin. Wannan ma kwamfutar ce?"

Sarmila ta ce kawai a sake ɗaukar hoton yau, a gabansa. Ya kalli agogo, ya kalle ta, ya cire rigar ruwan ya jefa a kujera.

Da ma yarinyar tana kwance a ɗakin yara tun Laraba. Ƙarfe biyu da rabi ubanta ya sauko da ita, wani siririn mutum mai suna Som Bahadur, da hula a hannu, silifas ɗinsa duk jan laka. An riga an aske wa Phul Maya gefen kai na hagu don a saba mata. Ƙaramar yarinya ce ko a 'yan shekara tara, ba ta kallon kowa, tafin hannunta yana manne a wurin askin.

Ratna Kaji ya ajiye takardar liƙin, ya buɗe aljihun tebur ya lalubo wata tsohuwar kwalba, ya zazzago ƙwayar man kifi ɗaya. Ba wanda ya ce masa don me. Ya durƙusa ya liƙa mata a dama.

"Nani, 'yata, kwanta nan. Ƙara kawai za ki ji, kamar ana sassaƙa. Kada ki motsa, kin ji?"

Ta kwanta ba gardama, ta miƙe hannuwa a gefe tun kafin a ce mata, ta rufe ido. Som Bahadur ya yi 'yar dariyar kunya.

"Ba ta tsoron komai, sab. Mu a gida Ama muke ce mata. Sunan mahaifiyata ne da ita."

Sarmila da Ratna Kaji suka haɗa ido ta cikin gilashi.

Na'urar ta yi ta bugu minti ashirin, kwamfuta ta ƙara arba'in. Asibitin ya fara watsewa, ana jin masu shara suna jan bokiti a baranda. Dakta Uprety ya duba kan da ke allo da kansa, ya ga ƙananan haƙora, ya ga farin ƙwallon a dama, ya ga jan tabon a gefe ɗaya da shi. Ya sa ta buɗe sau biyu. Sannan ya zaro biro ya soke kalmar hagu a takardar tiyata, ya rubuta dama da manyan baƙaƙe, ya sa hannu, ya miƙa mata ita ma ta sa. Ya ce ranar Litinin yana son ganin sauran ɗari biyu da goma sha ɗaya, kowanne an buɗe shi da ido. Ya fita bai yi sallama ba.

Som Bahadur yana zaune a benci da yarinyar a gefensa, ta mayar da hannu kan askin. Sarmila ta fito da tsohuwar takardar, wadda aka soke, tana neman yadda za ta yi masa bayanin an canza ɓangare. Ta fara da cewa an sami hoton wata mai suna iri ɗaya a jakar 'yarsa.

Mutumin ya miƙe tsaye. "Hoton Ama? Yana nan?"

"Yana nan."

"Ni na kawo ta," ya ce. "Sai gari ya rushe, muka koma ƙauye da ƙafa, kwana uku. Hanya ta toshe har damina. Kullum sai ta ce min, Som, an ce in koma, ba a gaya min ba. Ina ce mata Ama bari ruwa ya ɗauke. Ciwon ya kama ta a bakin rafi, ba kowa kusa." Ya murza hular. "Da sanyi aka haifi wannan a rumfar kwano. Lama, malamin addininmu, ya dube ta ya ce tsohuwa ce ta dawo, akwai abin da ta bari. Ni dai ban sani ba, didi, yayata, ni manomi ne. Amma don Allah, me aka gani a kan nata? Har ta rasu ba wanda ya faɗa mana."

Sarmila ta dubi takardar da ke hannunta. Sunan daidai ne, ranar haihuwar daidai ce a kalandar mai ita, sakamakon ma daidai ne, ga sa hannunta a ƙasa. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Kunya ta kama ta, da wani baƙin ciki da ba ta shirya masa ba.

Ta karanta masa a hankali, da kalmomin da zai gane. Akwai tabo a ɓangaren hagu, bayan kunne zuwa ciki, tsoho ne, mai yiwuwa tun tana ƙarama. Shi yake kawo faɗuwar. Ba hauka ba ne, ba kuma wani ne ya yi mata ba. Irin wanda ake cirewa ne.

"Da gaske akwai abu," ya ce. "Ta yi ta faɗa." Ya rufe fuska da hular.

Yarinyar ba ubanta take kallo ba. Ratna Kaji take kallo, wanda ya durƙusa a gabanta yana ɓanɓare filastar a hankali don kada ta ja mata gashi. Tun da ta sauko ba ta ce uffan ba.

"Babu, ɗana," ta ce, "cewa ka yi Lahadi."

Hannunsa ya tsaya. Ƙwayar man kifin ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin benci, ba wanda ya bi ta. Tiyatar Lahadi ce, kowa a ɗakin yara ya sani, tun Laraba ake faɗa a gabanta. Sarmila ta gaya wa kanta haka. Ratna Kaji ya sunkuyar da kai.

"Na faɗa, Ama. Ki yi haƙuri. An makara."

Yarinyar ta dube shi.

"To," ta ce. "Na ji."

Ta sauke hannunta daga gefen kanta ta ɗora a cinya, ta juya wurin ubanta ta ce yunwa take ji.